Yadda Za Ka Riƙe Tim Ɗinka Na FPL A Makonnin Ƙarshe Idan Tazara Ta Yi Kaɗan

Tun da Firimiya ta wuce mako na 28 wayata ba ta huta ba da saƙonnin masu buga FPL, wato Fantasy Premier League, wasan da kake haɗa tim na 'yan wasan Firimiya ka samu maki gwargwadon abin da suka yi a fili, wannan ya ce Malam maki 14 ne tsakanina da na ɗaya me zan yi, wancan ya ce ni ne a sama amma yaron nan da ke bayana kullum sai ya rage min tazara ko barci ba na iyawa, wani kuma hoton tim ɗinsa kawai zai turo ba ko sallama ya ce duba min. To na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga shi nan na haɗa yadda nake yi daki-daki. Wannan ba na sabon shiga ba ne, na ɗauka ka san 'yan wasa 15 ake ɗauka, ba a wuce uku daga kulob ɗaya, ka kuma san makin kyaftin ninkawa ake yi. Maganar ƙaramin lig ɗinku nake yi, na majalisa ko na wajen aiki ko na 'yan ajinku, inda saura mako takwas ko shida kuma ba a san maci tuwo ba.

1. Fara da lissafin tazara

Kafin ka taɓa ko ɗan wasa ɗaya, ɗauki biro da takarda. Rubuta makinka, rubuta na wanda ke gabanka da na wanda ke bayanka, ka cire, sai ka raba abin da ya fito da yawan makonnin da suka rage. Idan an ba ka maki 24 kuma saura mako takwas, maki uku ne kacal a kowane mako, wanda taimakawa ɗaya a ci ƙwallo ta biya shi, to kai ba ka cikin wani tashin hankali, ka ci gaba da wasanka yadda ka saba. Idan kuwa 24 ɗin nan ce amma saura mako biyu, 12 kenan a mako, nan ne sai an yi kasada. Ni dai a nawa ma'aunin, ƙasa da maki biyar a mako ba na canza salo, daga biyar zuwa goma sai na fara bambanta kyaftin, sama da goma kuwa sai dai a rufe ido.

Abu na biyu, ka daina kallon matsayinka na duniya. Daga yanzu ba da miliyoyin mutane kake takara ba, da mutum ɗaya ne ko biyu, kuma ka san sunayensu ka san inda suke shan shayi. Duk shawarar da za ka gani a YouTube ko X an yi ta ne don mai son hawa a jadawalin duniya, mai ba da ita bai san cewa abokin hamayyarka yana da 'yan bayan Arsenal biyu ba.

Hattara: kada ka zuba wa na gabanka ido ka manta da na bayanka. Na taɓa ganin wanda yake na biyu ya yi ta kasada don ya kamo na ɗaya, ƙarshe ya gama a na biyar, kyautar na biyu da na uku ma duk suka wuce shi. Idan lig ɗinku ana ba na biyu wani abu to ka yanke shawara tun yanzu, kofi kake so ko ta halin ƙaƙa ko kuwa ka yarda ka tsare inda kake.

2. Leƙa gidan abokin hamayya

Shiga lig ɗin a manhaja ka danna sunan tim ɗinsa. Abu huɗu za ka kwafa a takardar nan. Na farko 'yan wasansa 15 duka har da na benci, ka jera su kusa da naka ka soke duk wanda kuke da shi tare, saboda waɗannan ba su da wani tasiri a tsakaninku sai ta wajen kyaftin. Yawanci za ka ga bakwai ko takwas ɗaya ne, ragowar da suka bambanta su ne ainihin wasan. Na biyu ka shiga tarihin makonninsa, a ƙasa ana nuna makaman da ya riga ya harba, wato Wildcard (sauya 'yan wasa ba iyaka ba tare da an yanki maki ba) da Free Hit (irin wannan amma na mako ɗaya) da Bench Boost (makin 'yan benci ma ya shiga lissafi) da Triple Captain (makin kyaftin sau uku), da makon da ya harba kowanne. Na uku ka duba tarihin sauyinsa don ka ƙiyasta sauyin kyauta nawa ya tara, tunda daga kakar 2024/25 ana iya tarawa har biyar. Na huɗu kuma shi ne halinsa: bi makonni goma baya ka ga wa yake ba kyaftin. Wasu mutanen ba sa canzawa ko da sama za ta faɗo, musamman masu ba ɗan kulob ɗin da suke goyon baya, irin wannan ka riga ka san abin da zai yi kafin ya yi.

Wannan lissafin na makamai yana canza komai. Mutumin da ya ba ka maki 15 amma ya ƙarar da nasa kai kuma kana da Bench Boost da Triple Captain a aljihu, wallahi a zahiri kai ne a gaba, kada ka firgita ka fara ɓarin maki.

Hattara: ba za ka ga tim ɗinsa na makon da za a shiga ba sai bayan an rufe damar yin sauyi. Abin da kake gani na makon da ya wuce ne. Kuma duk hoton da ya turo guruf kafin a rufe kada ka yarda da shi, mutane suna shirya tim na bogi su ɗauki hoto su turo sannan su fasa, ni ma na taɓa yi, Allah ya yafe mana.

3. Zana jadawalin wasannin da suka rage

A ƙarshen kaka ne jadawali yake rikicewa saboda Kofin FA da wasan ƙarshe na Carabao. Kulob ɗin da ya yi nisa a kofi sai a ɗage masa wasan lig, makon nan ya zama ba shi da wasa, daga baya a cusa wasan cikin wani makon ya zama yana da biyu. Masu harkar suna ce wa na farko bilank na biyu kuma dabul. Ja layi a takarda, makonni a sama, 'yan wasanka a gefe, ka cike kowane gida da wanda za su kara da shi da kuma gida ne ko waje. Ka yi wa abokin hamayyarka irin wannan. Cikin minti ashirin za ka ga makon da zai fito da mutum takwas kawai, ko makon da kai ne za ka sha wuya.

Kayan aiki ba su da yawa. Manhajar FPL ɗin kanta tana da launukan da ke nuna wahalar wasa daga 1 zuwa 5, sai dai kar ka ɗauke su kamar wahayi, ba sa sanin kocin da zai hutar da rabin tim. Ben Crellin a X shi aka fi sani wajen hasashen inda bilank da dabul za su faɗo tun kafin a sanar. LiveFPL kuma yana nuna maka yadda lig ɗinku yake motsi ana cikin wasa, da lambar tim ɗinka kawai yake buƙata. Wasan kansa kyauta ne, data ce kawai kuɗinka sai kuɗin gidan kallo idan can kake kallo. Akwai shafukan da ake biya su ba ka alƙaluma, ni ban ga dalilin biya ba don mako shida da lig na mutum 20.

Tunda an zo maganar kuɗi bari na faɗa a gurguje, lig ɗin da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, malamai da yawa caca suke ɗaukarsa, shi ya sa a namu wani babban yayanmu da ba ya cikin gasar ne yake sa kyautar daga aljihunsa. Kowa dai ya san inda ya tsaya.

4. Ka sa wa kowane makami ranarsa

Ba a harba biyu a mako ɗaya, wannan dokar ce take tsara komai. Jerin da ya fi yi wa mutane aiki shi ne Free Hit a babban bilank, saboda ka ɗauko 11 masu wasa na mako ɗaya sannan tim ɗinka na asali ya dawo. Wildcard kuma mako ɗaya kafin babban dabul, ka gina 15 da dukkansu suke bugawa kuma mafi yawansu suna da wasa biyu, sai mako na gaba ka ɗora Bench Boost a kai. Yi lissafin da kanka, mutum huɗu a benci kowa wasa biyu, ko ba wanda ya ci komai in dai sun yi minti 60 maki 16 ne, ballantana gola ya tsare raga sau ɗaya. Triple Captain sai ka ajiye wa wani dabul ɗin ko wasan gida da kulob ɗin da ya riga ya faɗi.

Idan kai ne a sama kuma kuna da makami iri ɗaya, yi ƙoƙari ka harba a makon da kake zaton shi ma zai harba, a tashi babu wanda ya ci wani, mako ɗaya ya ragu. Idan kai ne a ƙasa, yin abu ɗaya da shi a rana ɗaya ba zai matsar da kai ko taku ɗaya ba, sai dai ko a yi ranar ɗaya amma da mutane daban.

Hattara: Wildcard da Free Hit in ka tabbatar ba a fasawa. Bench Boost da Triple Captain kuwa za ka iya sokewa kafin a rufe. Kuma ka karanta dokar kakar da kake ciki, suna canzawa, a 2024/25 an kawo wani na koci da ake kira Assistant Manager, a 2025/26 aka cire shi aka ba da kowane makami sau biyu, ɗaya a zagayen farko zuwa mako na 19 ɗaya a zagaye na biyu.

Hattara kuma: kada ka gina benci mai tsada don Bench Boost sannan ka manta cewa bayan makon nan kuɗin yana zaune a benci ba ya kawo komai. Ka tanadi sauyi ɗaya ko biyu na mayar da kuɗin cikin 11 na farko.

5. Duba wa ke da abin nema

A watan Afrilu da Mayu suna ba ya wasa, buƙata ce take wasa. Raba kulob 20 ɗin nan gida uku: masu neman kofi ko gurbin Turai, masu gudun faɗawa, sai waɗanda ba su da abin samu ba su da abin rasawa. Na ukun nan su ne ake cewa hankalinsu ya tafi hutu, 'yan bayansu kar ka kusance su, amma su kansu abinci ne ga 'yan gaban wasu.

Misali na kusa, Liverpool ta ɗauki kofi ranar 27 ga Afrilu 2025 da ta ci Tottenham 5-1, saura wasa huɗu, kuma a huɗun nan ba ta ci ko ɗaya ba, Chelsea da Brighton suka doke ta, ta yi canjaras da Arsenal da Crystal Palace. Salah da ya gama kakar da ƙwallo 29 guda ɗaya kawai ya ci a cikinsu. Duk wanda ya riƙe 'yan bayan Liverpool a lokacin yana jiran su tsare raga ya san abin da ya gani. A kakar dai, Tottenham da Manchester United sun mayar da hankalinsu kan wasan ƙarshe na Europa da aka yi a Bilbao, lig ya zama wajen hutar da manya, suka gama na 17 da na 15.

Akwai kuma masu neman abin kansu, kamar takalmin zinare. A ranar ƙarshe ta 2021/22 Son ya ci Norwich biyu ya kamo Salah a ƙwallo 23, kana ganin yadda abokan wasansa suke ta nemansa da ƙwallo. Irin wannan ɗan wasan ba a cire shi da wuri.

Hattara: ɗan wasan da ya tara katin gargaɗi 10 kafin kulob ɗinsa ya gama wasa na 32 dakatarwar wasa biyu ce. Kafin ka sayi ɗan baya ko ɗan tsakiya mai yawan keta a wajen mako na 29 zuwa 32, duba ko yana kan tara.

Son zuciya ma a ajiye shi. Ina son Iwobi da Ola Aina da Bassey kamar kowa, amma in jadawalinsu bai yi kyau ba ba zan ɗauka don ɗan gida ne ba, haka in ɗan kulob ɗin da ka tsana ne yake ci to ka saye shi ka toshe hanci.

6. Sauyi da yankan maki huɗu

Duk sauyin da ya wuce na kyauta maki huɗu ake yanka. Tambayar ita ce, sabon zai fi tsohon da sama da maki huɗu a makonnin da suka rage? Saura mako shida, abu ne mai sauƙi. Saura mako ɗaya, duba lissafin: tsohon in dai zai buga yana da maki biyu na fitowa, to sabon sai ya kawo shida kafin ma ka dawo daidai. Ɗan gaba da ya ci ƙwallo ɗaya shida ɗin ke nan, biyu da huɗu, ba ka ci ribar komai ba sai in an ba shi bonas. Ɗan tsakiya da ya ci ɗaya bakwai ne, ribar maki ɗaya. Kaga kenan yanka a makon ƙarshe sai in tsohon ba zai buga ba kwata-kwata, ko sabon shi za ka ba kyaftin, ko yana da wasa biyu tsohon yana da ɗaya.

Mai jan gaba, sauyinka na toshe ƙofa ne. Duba cikin waɗanda ba ku soke ba a mataki na biyu, wane ne a tim ɗinsa yake ba ka tsoro, ka saye shi, shi kenan ka kashe wannan hanyar. Abin ba daɗin kallo, za a ce maka matsoraci a guruf, ka ce na gode. Mai bi kuma akasin haka, ka nemi mutum biyu ko uku da shi ba shi da su kuma suna iya fashewa da maki 12 ko 15 a wasa ɗaya, masu buga fenariti da kwana, ba irin masu kawo biyu biyu kullum ba. Na ce biyu ko uku, ban ce ka rushe tim duka ba. Kuskuren da masu bi suka fi yi kenan, su sayar da duk manyan da kowa ke da su don kawai a ce sun bambanta, manyan su ci, tazarar 20 ta koma 50 a mako biyu.

Maganar farashi kuwa ka manta da ita daga mako na 33 ko makamancin haka. Kuɗin da ke banki ba ya ba da maki. Abin da kawai za ka tuna shi ne rabin riba ake ba ka in za ka sayar, wanda ka saya 7.0 ya kai 7.5 a 7.2 za ka sayar da shi, don haka in ka fitar da shi kana son dawo da shi sai ka cika.

Hattara: kada ka yi sauyi ranar Lahadi da dare cikin fushi, ko don gudun kada farashi ya tashi. Talata da Laraba akwai Kofin Zakarun Turai, Alhamis akwai Europa, mutum yana iya jin rauni. Jira koci-koci su gana da 'yan jarida Alhamis ko Juma'a tukuna.

7. Kyaftin

Nan ne ake cin lig nan ne ake zubar da shi, don haka bari na ɗan zauna a kai. A ce ku biyun kuna da Haaland kuna da Saka. Ya ba Haaland kyaftin ka ba Saka. Abin da zai shiga tsakaninku shi ne bambancin makin su biyun sau ɗaya kawai, Saka ya kawo 12 Haaland ya kawo 2 ka rage goma, in aka juya an ƙara maka goma. Wannan kasada ce mai iyaka. Amma a ce ba ka da Haaland gaba ɗaya shi kuma ya ba shi kyaftin, to duk makin da ya kawo sau biyu za a cire maka, ya ci uku ya tashi da 17 an ba ka 34 a wasa ɗaya, in Triple Captain ne 51. Shi ya sa nake cewa mai bi ya riƙe babban ɗan wasan a tim, kyaftin ɗin kawai zai kai wani wajen. Sayar da shi ɗungurungum sai in tazarar ta kai inda ba abin da za ka rasa.

Idan kai ne a gaba aikinka ka yi hasashen wanda zai ba kyaftin, kai ma ka ba shi. Matsalar ita ce shi ma ya san haka, zai yi ƙoƙarin kauce maka, sai abin ya koma wasan ɓuya. To a nan kar ka wahalar da kanka, ka ba wanda ya fi kowa yiwuwar kawo maki a makon, ka bar shi shi ya je ya nemo na biyu ko na uku. Yau da gobe na ɗayan ne yake rinjaye, kuma shi ne yake buƙatar sa'a ba kai ba.

Idan kai ne a baya, kada ka fara bambanta kyaftin tun saura mako takwas alhali tazarar 15 ce, ka bari sauran 'yan wasanku da suka bambanta su yi aikinsu. Zaɓi mako biyu ko uku da na biyun yake da wasa mai kyau kusan kamar na ɗayan, a nan za ka kauce. Kuma kaucewar ta zama zuwa ga mutumin kirki, ba wai ka ba ɗan baya na kulob na 14 kyaftin don ka yi mafarki da shi ba.

Masu lig na gaba da gaba, inda ake haɗa ka da mutum ɗaya kowane mako a ba wanda ya ci maki uku, ku wannan lissafin duk mako za ku sake shi da sabon mutum, tazarar jimilla ba ta dame ku ba.

Hattara: kyaftin ɗin da aka sako a minti na 85 ya buga, maki ɗaya sau biyu za ka samu, mataimaki ba zai karɓa ba. Mataimaki yana aiki ne kawai in kyaftin bai taka fili ba sam a makon. Saboda haka ɗan wasan da ke da alamar rawaya ko lemo a jikin sunansa, ko wanda kulob ɗinsa ke da babban wasan Turai bayan kwana uku, a yi hattara. Pep Guardiola ya yi suna wajen wannan, ya ajiye maka mutum a benci ba tare da wani dalili da kai za ka gani ba.

8. Jera benci da mataimaki

Minti ɗaya ne aikin amma mutane suna mantawa. Na farko a benci ya zama wanda ka tabbata zai buga. Manhajar ba za ta sako shi ba in zai karya tsari, dole a samu gola ɗaya da 'yan baya aƙalla uku da ɗan gaba aƙalla ɗaya, don haka in da 'yan baya uku ka fito ɗaya bai buga ba, ɗan baya za a ɗauko ko shi ne na ƙarshe a layi. Mataimakin kyaftin kuma kar ya zama kulob ɗaya da kyaftin, in aka ɗage wasan ka rasa duka biyun.

9. Lokacin rufewa

Ana rufewa minti 90 kafin wasan farko na makon. Jerin 'yan wasa kuma minti 75 kafin wasa ake fitar da shi, wato an riga an rufe da kwata, don haka duk wanda ya ce maka ya ga jerin kafin a rufe jita-jita ce, wani lokacin ta zama gaskiya wani lokacin ta kai ka ta baro.

Daga Lahadin ƙarshe ta Maris agogon Ingila yana daidaita da na Najeriya da Nijar, lokacin da ka gani shi ne naka, 'yan uwanmu na Ghana ku kuma ku rage awa ɗaya. Wasan 12:30 na ranar Asabar ana rufewa 11:00 na safe. Wanda ya fi kama mutane shi ne wasan daren Juma'a, a fara 8:00 a rufe 6:30, daidai kana shirin Magariba ka ɗauka sai gobe. Akwai kuma makon tsakiyar sati da yake zuwa kwana biyu bayan an gama wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an buɗe sabon mako ka shiga ka saita kyaftin da benci na wucin gadi ka adana, ko da wani abu ya taso. Ni na taɓa zama da Triple Captain a hannu ina jiran minti biyar na ƙarshe don kada a gane shirina, ga zafin Afrilu ba wuta tun dare waya tana kashi huɗu, netwok ya tsaya cak yana ta juyawa, kafin na ari wayar maƙwabci na tuna kalmar sirri an rufe. Wanda na so ba wa ya ci biyu. Tun daga ranar awa ɗaya kafin lokaci nake gama komai, na kuma fita na sake shiga na tabbatar ya zauna, saboda canza kyaftin ba tare da danna adanawa ba daidai yake da ba ka yi ba.

10. Ranar ƙarshe

Mako na 38 duk wasanni goma lokaci ɗaya ake farawa, yawanci ƙarfe 4:00 na yamma, a rufe 2:30. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk makamin da ya rage ka harba shi, ba a tafiya da shi kaka ta gaba, haka sauyin kyauta da ka tara.

Ranar nan raga ba ta da tsaro. West Brom da Manchester United sun tashi 5-5 a wasan Ferguson na ƙarshe a 2013, Southampton da Liverpool 4-4 a 2023, Manchester City ta farke biyu ta ci Aston Villa 3-2 a 2022 kuma Gundogan da ya ci biyu daga benci ya taso. Don haka ni 'yan baya uku nake fitowa da su, sauyina kuma a gaba da tsakiya nake kashe shi. Ka kula da kulob ɗin da ke da wasan ƙarshe na Turai bayan lig, da masu ba gola na biyu ko yara dama, da tsohon ɗan wasan da za a yi wa bankwana a cire shi ana tafi tun kafin minti 60.

In tazarar ba ta kai goma ba kuma kai ne a sama, ka daidaita kyaftin da shi gwargwadon hasashenka, kar ka yanki maki ko ɗaya. In kai ne a ƙasa da 10 zuwa 20, kyaftin daban da mutum biyu daban. Sama da 30 kuwa sai ka sayar da wanda kake zaton zai ba kyaftin ka yi addu'a kada ya ci.

Hattara: in kuka yi kunnen doki a maki, wanda ya fi ƙarancin sauyi a kakar shi ake ɗorawa a sama, ba a lissafa na Wildcard da Free Hit. Duba adadin naka da nasa kafin ranar, in ka fi shi yawan sauyi to canjaras ba zai yi maka ba sai ka wuce shi da maki ɗaya, in kuma kusan ɗaya kuke kada ka yi sauyin banza na mutumin benci da ba zai ƙara maka komai ba.

Hattara ta ƙarshe: da alƙalin wasa ya hura kada ka fara tura saƙon murya a guruf kana waƙa. Bonas yana canzawa bayan an tashi, ana iya karɓe taimakon ƙwallo daga wani a ba wani ko a mayar da ƙwallo ta zama cin gida, sannan sauyin benci na atomatik sai daga baya yake shiga, wanda ka ga ka ba shi maki uku yana iya samun shida daga bencinsa. Ka jira teburin lig ɗin na cikin manhaja ya sabunta da kansa, ka ɗauki hotonsa, sannan ka kira mai riƙe da kyautar.